Kwalbar Cindo

Ƙarfe bakwai da kwata, Yaba,
rigata ta jiƙe tun a cikin danfo.
Na zo buɗe ɗakin gwaji
na tarar da kwalba a bakin ƙofa,
an ɗaure bakinta da leda da roba.
Na san mai ita.

Cindo mai kura ne a Idi-Araba,
jarka goma sha biyu, taya biyu, ƙirji ɗaya.
Jiya bayan isha'i ya ja ni gefe:
"Kai da kake cikin masu farar riga,
sabuwar rijiyar nan warin ruɓaɓɓen ƙwai take,
ni kuwa har gidan mai jego nake kaiwa."

To, bismillah.

Na zaro sandar awo daga kubenta,
na ɗauraye ta da ruwan da aka tace sau biyu.
A bakinta ɗigon filatinam, bai fi ƙwayar dawa ba,
a cikinta zaren azurfa kwance a ruwan gishiri.
Na bakin ɗan koro ne, kowa ya taɓa shi sai ya motsa,
na cikin dattijo ne, ba ya sauya magana.
Tazarar da ke tsakaninsu nake karantawa.

Ba a tambayar baƙo kafin ɗan gida.
Na fara tsoma ta a ruwan da muka san amsarsa,
mai launin ɗorawa, mai tsadar tsiya.
Ɗari biyu da ashirin da takwas.
Yau ba ta tashi da ƙarya ba.

Madam Morenike ce ta koya mini,
shekarar da na zo ina wanke kwalabe.
Ta ce kowane ruwa kasuwa ne,
wani na miƙa ƙwayar lantarki, wani na fizgewa,
kuma wanda ya bayar, shi ke yin tsatsa.
Na daɗe ina tauna wannan,
don a gidanmu an ce hannun mai bayarwa ne a sama.

Sai na tsoma ta a ruwan Cindo.

Ɗari da sittin.
Ɗari da goma.
Aka ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
ɗan maganaɗisun da ke motsa ruwan ya kwanta,
na'ura ta ci gaba da batirinta,
ni na ci gaba da juya kofi da hannu,
gumi na bin gwiwar hannuna.
Arba'in.
Lamba ba ta son gaggawa,
takan yi kamar ta tsaya, ta sake zamewa,
kamar mai saukowa daga gadar Oshodi da kaya a ka.
Sifili.
Ta wuce sifili ba ko sallama.

Ɗari da arba'in a ƙasa, nan ta zauna.

Ruwan tankin da aka sa wa magani
yakan haura ɗari shida da hamsin,
ruwa ne mai yunwa, abin da ya faɗa ciki ya cinye.
Wannan ya ƙoshi, numfashinsa ya ƙare,
duk baƙon da ya shiga zai shimfiɗa tabarma
ya yi 'ya'ya.

Sanda ba ta san sunan cuta ba,
wannan sai an shuka, an jira kwana biyu.
Na rubuta lamba, na rubuta zafin ɗaki,
na kira shi.

Ya ce ya riga ya biya kuɗin mako,
can jarka ta fi araha da naira hamsin.
Na ce na sani.
Ya ce famfon bayan asibiti akwai hawa.
Na ce na sani, Cindo.
Muka yi shiru, kati na ƙonewa.
Sai na ji ruwa na zuba a kwata,
jarka ɗaya, ta biyu, ta uku,
wata mata na tambayarsa da Yarbanci ko lafiya.

Na ɗauraye sandar, na mayar da ita gishirinta.
Saura kwalba goma sha tara,
duk na kamfanin lemo.